Launi a Kan Taswira, Mutum a Bakin Akwati: Yadda Ake Karanta Ƙuri'ar Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Duk wanda ya saba sauraron sharhin bayan zaɓe a gidajen rediyon Yamai, ko karanta shi a jaridun da ke fita da Faransanci, ya san yadda ake kasa ƙasar Nijar kamar yadda mahauci ke kasa nama a kan faifai. A ce Tawa ta Tarayya ce, Damagaram ta Mahamman Usman ce, yammacin ƙasa kuwa na Nasara ne kafin Lumana ta zo ta raba shi da ita. In aka iso jihar Maraɗi sai harshen mai sharhi ya sarƙe, domin ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan kason ba. Daga nan sai ya nemi mafita da ɗaya daga cikin maganganu biyu: ko ya ce Maraɗi ba ta da alƙibla, ko ya ce kasuwa ce, wanda ya fi taya ta shi ke tafiya da ita. Wannan rubutu sharhi ne a kan wancan sharhi. Na zaɓi gundumomi uku, wato Agye da Gazawa da Gidan Rumji, domin a cikinsu na yi aikin koyarwa, kuma a cikinsu na ga abin da alƙaluman Yamai ba sa ɗaukowa.

Ga wanda bai san wurin ba, babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ita ce zaren da ya ɗinke su. Mai fitowa daga Ƙwanni zai fara shiga Gidan Rumji, ya wuce Tsibirin Gobir, ya bar birnin Maraɗi, ya bi ta Cadawa zuwa Agye, sannan Gazawa, kafin ya kai Tasawa. Gundumar Gidan Rumji ita ce babba, ƙidayar 2012 ta ba ta mutum fiye da 500,000 a cikin ƙananan hukumomi biyar: Gidan Rumji, Tsibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. Gazawa kuwa ƙaramar yarinya ce a tsarin mulki, sai a 2011 aka yanke ta daga Agye, ta tafi da Gangara, aka bar Agye da Cadawa. Ƙasar noma ce mai cunkoson jama'a, ta gero da wake da gyaɗa da aya, gona ta yi ƙaranci, iyakar Nijeriya kuma tana nan kusa, ba ta wuce tafiyar hantsi a kan babur ba daga garuruwa da yawa.

Makamin farko na mai sharhi shi ne taswira mai launi. Ana ɗaukar gunduma sukutum a shafe ta da launin jam'iyyar da ta zo ta ɗaya, ko da ratar da ke tsakaninta da ta biyu ba ta taka kara ta karya ba. Wannan dabara ba ta da laifi sosai a inda jam'iyya guda ke kwashe kusan komai. Amma a inda jama'a suka rabu kusan biyu, ko ma uku, launin nan ƙarya yake yi ba tare da ya faɗi ƙarya ba: yana shafe rabin mutanen gari da fenti. Shekara biyar bayan haka, in ƴan ƙuri'u kaɗan suka sauya wuri, launin gundumar ya canza gaba ɗaya, sai mai sharhi ya ce mutanen wurin sun juya baya, ba su da amana. Alhali galibin masu zaɓen ba su motsa daga inda suke ba.

Bari in ba da abin da na gani da idona, tun da gani ya kori ji. Kamar yawancin malaman makaranta, an sha ɗora mini aikin rumfar zaɓe. A wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, mun ƙirga ƙuri'a da dare a cikin aji, da fitilar hannu, wakilan jam'iyyu suna zaune a kan bencin yara. Da aka gama, ratar da ke tsakanin manyan jerin biyu ba ta cika yatsun hannu biyu ba. Ni baƙo na yi mamaki, amma ba wanda ya yi mamaki a cikin ajin sai ni. Wani dattijo da ya raka ni masauki ya ce mini: «Mushe, ai da ka tambaye ni da safe da na ƙirga maka su ba tare da akwati ba.» Ashe garin ya rabu tun rasuwar tsohon mai gari, lokacin da ƴaƴan wa da ƙane suka nemi rawani. Gidan da ya samu ya bi jam'iyyar da ke mulki, gidan da ya rasa ya bi ta adawa, kowane da surukansa da barorinsa da masu sallah a masallacinsa. Da a ce gidan farko ya sauya sheƙa, da na biyu ma ya sauya, don kada inuwa ɗaya ta haɗa su.

Wannan ba abin da na gano ni kaɗai ba ne. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun daɗe suna nuna shi, musamman a littafin *Élections au village* da ya fito a 2015 ƙarƙashin jagorancin Jean-Pierre Olivier de Sardan. Darajar irin wannan aiki ita ce ya sauko daga taswira ya zauna a kan tabarma, ya nuna cewa rigimar sarauta da gasar manyan gari su ne ƙashin bayan siyasar karkara, jam'iyya kuwa riga ce da ake sanya musu. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne, an yi binciken da Hausa da Zabarmanci a bakin mutane, an rubuta shi da Faransanci, an buga shi a Faris, kuma mutanen da aka yi maganarsu ba su taɓa jin abin da aka ce game da su ba. Ga kuma haɗari na biyu: mai karatun da bai yi hattara ba zai iya fita da tunanin cewa baƙauye ba shi da ra'ayi sam, sai biyayya. Wannan ma kuskure ne, kuma tarihi ya ƙaryata shi.

A ranar 28 ga Satumba 1958, lokacin ƙuri'ar raba gardama ta Janar de Gaulle, jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari ta ce a jefa «a'a». Faransa ta aiko da gwamna Colombani, aka haɗa kai da sarakuna da dama, «i» ta samu kimanin kashi 78 cikin 100. Amma waɗanda suka fita zaɓen ba su wuce kashi 37 cikin 100 na masu rajista ba. Ƙasar Maraɗi da ta Tasawa, wadda Agye da Gazawa ke ƙarƙashinta a wancan zamani, suna cikin wuraren da Sawaba ta yi ƙarfi, kamar yadda Klaas van Walraven ya nuna a littafinsa na 2013 a kan tarihin wannan jam'iyya. Ƙananan ƴan kasuwa da direbobi da masu sana'ar hannu da talakawan da suka gaji da haraji da aikin tilas sun bijire wa abin da fada ke so, wasu kuma suka biya da ɗauri ko gudun hijira bayan an haramta jam'iyyar a 1959. Wanda ya ce mutanen wannan yanki ba su san aƙida ba, bai tambayi kakanninsu ba.

Saboda haka abubuwa biyu ne ke tafiya tare, kuma mai sharhi na gari dole ya riƙe su duka. Akwai tsagewar bango ta cikin gari, wadda ƙadangaren jam'iyya ke shiga ta cikinta. Akwai kuma hukuncin da talaka ke yanke wa mai mulki a kan abin da ya gani a rumbunsa. Wanda ya rayu a nan a 2005, shekarar da yunwa ta cika cibiyoyin jinyar yara na jihar Maraɗi yayin da gwamnatin Tanja Mamadu ke musun cewa akwai yunwa, ya san mutane ba su mance ba. Haka kuma wasu ba su mance da azuzuwa da ɗakunan shan magani da shirin musamman na shugaban ƙasa ya gina a ƙauyuka ba. Mutum ɗaya yana iya riƙe duka biyun a zuciyarsa, ya je rumfa yana auna su.

Wani dalilin rabuwar ƙuri'a a nan shi ne, tun daga Taron Ƙasa na 1991 jihar Maraɗi ba ta fitar da ɗan takara guda da ta taru a bayansa kamar yadda Tawa ta taru a bayan Mahamadu Isufu ba. A shekarun farko Rahama da Nasara ne suka fi jan jama'a. A 2004 Amadu Shehu, ɗan Kornaka, wanda ya riƙe muƙamin firaminista a lokacin riƙon ƙwarya daga 1991 zuwa 1993, ya fice daga Rahama ya kafa RSD-Gaskiya, ya samu kimanin kashi 6 cikin 100 a zaɓen shugaban ƙasa na wannan shekara. Daga baya Kasum Muktar, tsohon magajin garin Maraɗi, ya fito da CPR-Inganci ya tsaya takara a 2016. Kowace sabuwar jam'iyya ta ƙara wa gidajen da ke gasa a ƙauye wata rigar da za su iya sanyawa. Rashin uban gida guda ya ba manyan gari damar ciniki, gaskiya ne, amma ya kuma ba talaka abin da ɗan'uwansa na wasu jihohi bai cika samu ba, wato a zo a roƙe shi.

A nan ya kamata malamai da masu kishin harshe su tsaya kaɗan a kan sunayen jam'iyyun nan. Kowace tana da suna biyu: baƙaƙen Faransanci a gaba, kalmar Hausa a baya. MNSD-Nasara, CDS-Rahama, PNDS-Tarayya, ANDP-Zaman Lahiya, RDP-Jama'a, MODEN-Lumana, RDR-Canji. Baƙaƙen suna ɗauke da aƙida, gurguzu ko dimokuraɗiyyar jama'a ko ci gaban al'umma, kuma ba wanda ya taɓa fassara su a dandalin ƙauye. Kalmar Hausar kuwa addu'a ce ko kirari, ba wanda zai ƙi ta. Wane ne ba ya son rahama? Wane ne ke gaba da gaskiya ko zaman lafiya? Ke nan an ba mai zaɓe sunan da ba ya bambanta komai, an riƙe abin da ke bambantawa a harshen da ba ya ji, sannan aka dawo ana zarginsa da cewa ba ya zaɓe a kan manufa. Waƙoƙin kamfe ma, waɗanda su ne jaridar mai zaɓe ta gaskiya, sun bi wannan hanya: yabon ɗan takara da asalinsa da kyautarsa, zambo ga abokin hamayya, amma da wuya ka ji baiti a kan farashin taki ko rikicin gona da burtali. Ban ɗora wa mawaƙi laifi shi kaɗai ba. Abin da aka biya shi ya yi, shi ya yi.

Makami na biyu na mai sharhi shi ne adadin waɗanda suka fita zaɓe, kuma wannan ya fi taswira yaudara, domin yana da kamannin lissafi. Ana ɗaukarsa ma'aunin wayewa: in ya hau a ce jama'a sun farka, in ya sauka a ce jahilci ne. To, mu duba tarihinmu. Adadi mafi girma da aka taɓa shelantawa a ƙasar nan na zamanin jam'iyya ɗaya ne, lokacin Jori Hamani a 1965 da 1970, da kuma Disamban 1989 da Ali Saibu ya tsaya shi kaɗai ya samu fiye da kashi 99 cikin 100. A zaɓen farko na gaskiya kuwa, na 1993, wanda Mahamman Usman ya ci da kimanin kashi 54 a zagaye na biyu, kusan mutum ɗaya cikin uku na masu rajista ne kawai ya fita. A ƙuri'ar Tazarce ta 4 ga Agusta 2009 hukuma ta ce kashi 68 sun fita, ƴan adawa da suka ƙaurace suka ce rumfuna wayam suke. Wanne daga cikin waɗannan adadi ne ke auna wayewa?

Sannan kashi cikin ɗari na wane ne? Na waɗanda ke cikin kundi ne, ba na waɗanda suka isa zaɓe ba. A 2016 kundin zaɓen ƙasa yana ɗauke da mutum kimanin miliyan 7.5, har aka yi ta jayayya a kan ba mutum wajen miliyan 1.5 marasa takardar shaida damar jefa ƙuri'a da shedar mutum biyu. A 2020, da aka yi sabon kundi mai ɗaukar hoto da zanen yatsa, adadin ya tsaya a kimanin miliyan 7.4. Wato kundi ya ragu a ƙasar da jama'arta ke ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 kowace shekara. Don haka kashi kusan 70 da aka ce sun fita ranar 27 ga Disamba 2020, da kusan 63 na ranar 21 ga Fabrairu 2021 da Bazum Muhammad ya kada Mahamman Usman, ba su ce komai ba game da wanda ba shi da takardar haihuwa, ko wanda masu rajista suka zo ƙauyensu yana can wani wuri.

Kuma a waɗannan gundumomi, «can wani wuri» ba ƙaramin abu ba ne. Dubi ranakun: 27 ga Fabrairu 1993, 31 ga Janairu 2011, 21 ga Fabrairu 2016, 27 ga Disamba 2020. Duk a cikin rani suke, bayan an ɗaure gero an kai rumbu, lokacin da samarin Gangara da Gidan Sori da Cadawa suke Katsina da Kano da Legas, ko Agadas da Libiya, wajen biɗa. Saurayin da ke tura baro a Kano bai ƙi zaɓe ba, kuɗin mota ne ba zai ɓata ba a kan abin da bai ga amfaninsa a bara ba. In kuwa wani ɗan takara ya aiko da mota ta kwaso su, to ƙuri'ar ta zo da igiya a wuyanta. A inda rata ke da ƙanƙanta, mota biyu ko uku na iya sauya launin ƙaramar hukuma. Wannan ne ya sa nake ganin a wuri mai rabuwa kamar wannan, tambayar wa ya fita ta fi tambayar wa aka zaɓa nauyi, kuma ita ce ba a yi. A yammacin yankin ma an samu ƙarin dalili tun 2019, lokacin da dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shigo gundumar Gidan Rumji, aka zaunar da wasunsu a Cadakori da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau, ƴan bindiga kuma suka riƙa tsallako iyaka suna satar mutane da dabbobi. Magidancin da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe yana da lissafin da ya sha gaban na akwati.

Idan maza sun tafi, su wa ke cika layi? Duk wanda ya zauna a rumfa ya san amsa: mata ne, da goyo a baya, tun hantsi. Su ne ke cika taron kamfe, su ne ke guɗa, su ne ake raba wa turmin zane da sabulu da gishiri. Dokar kaso ta 2000 ta ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019. Duk da haka ban taɓa karanta sharhin da ya tambayi abin da matar Agye ke nema da ƙuri'arta ba, ita da ƙarancin ƙasa ya fara raba ta da gamanarta. Ana ɗauka mijinta ya gaya mata abin da za ta yi. Wataƙila ya gaya mata. Amma a bayan labule ita kaɗai ce, kuma na sha ganin ƙirga ta ba mai gida kunya.

Saura zancen kasuwa. Ba zan musa cewa kuɗi na aiki ba, wanda ya musa wannan bai zauna a nan ba. Tun littafin Emmanuel Grégoire na 1986 a kan Alhazan Maraɗi an san nauyin manyan ƴan kasuwa a harkar mulki, kuma a 2016 Olivier de Sardan ya lissafa su a farkon kurkuku huɗu da ya ce mai mulkin Nijar ke ciki, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Inda na saɓa da masu cewa kasuwa ce shi ne a ma'anar abin da ake bayarwa. A ƙasar da Guy Nicolas ya yi shekaru yana nazarin biki da kyauta, baƙon da ya zo neman alfarma hannu rabbana ya nuna bai san mutunci ba. Jika ɗaya ko biyu da ake miƙa wa mutum ba farashin ƙuri'arsa ba ne a idonsa, gaisuwa ce, kuma yakan karɓi gaisuwar kowa. Abin da ke ɗaure shi shi ne wanda ya zo jana'izar mahaifinsa, wanda ya biya kuɗin magani da dare, wanda ya tsaya masa a gaban alƙali. Wannan bashi ne na shekaru, ba cinikin yini ɗaya ba. Illarsa kuwa ta fi ta ciniki zurfi, domin yana mayar da haƙƙin ɗan ƙasa ya zama alherin wani, amma ba za a magance shi da zagin mai karɓa ba.

Yau duk wannan ya zama zancen jiya. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ba a sake kafa rumfar zaɓe ba, an rusa majalisun ƙananan hukumomi, kuma a watan Maris 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa baki ɗaya, a daidai lokacin da sabon kundin ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Rigunan sun tafi, amma gidajen nan biyu na ƙauyen da na ƙirga ƙuri'arsa suna nan, kowane da masallacinsa, kuma rabuwarsu za ta nemi wata ƙofa, ko a kwamitin makaranta, ko a rabon taki, ko a zaɓen mai gari na gaba.

Kusan shekara talatin na zaɓe, daga 1993 zuwa 2021, sun bar kaya masu yawa da ba wanda ke tattarawa. Kaset-kaset na waƙoƙin kamfe suna lalacewa a cikin akwatunan masu shagon kiɗa na Cadawa da Tsibiri. Malaman da suka shugabanci rumfuna suna yin ritaya da abin da suka gani a cikinsu. Tsofaffin da suka jefa ƙuri'ar 1958 saura ƙalilan, mafi ƙanƙantarsu ya ba shekara 85 baya. Ƙungiyar al'adu ta kowace ƙaramar hukuma tana iya ɗaukar rumfa ɗaya tak, ta zauna da wakilan jam'iyyun da suka yi aiki a cikinta, da shugabar matan unguwa, da direban da ya yi jigilar masu zaɓe, ta naɗi maganarsu da Hausa, ta rubuta ta da Hausa. Na fara da dattijon nan da ya raka ni masauki. Da na koma nemansa a bara na tarar ya rasu, Allah Ya jiƙansa, sai ɗansa ne ya zauna da ni, ya lissafa mini gidajen garin ɗaya bayan ɗaya, da wanda kowane gida ya bi a kowane zaɓe, har da gida uku da ya ce ba wanda ya taɓa sanin inda suke jefawa.